Wai me ke kawo talauci? Musun da ya taso daga Tudun Hatsi

Ɗan Tudun Hatsi: Assalamu alaikum jama'a. Jiya bayan la'asar muna zaune a rumfar maigidana a Tudun Hatsi, kasuwar hatsi ta garin Gombe, wani dattijo daga ƙauyukan Dukku ya zo awon masara mudu uku. Ina ganinsa na gane shi, domin a watan Nuwamba da hannuna na rubuta a littafi cewa ya noma buhu 14. Ya kwance ƙullin leda daga aljihun 'yar shara, ya dinga jera 'yan ɗari bibbiyu a kan buhu yana lallatsa su da tafin hannu. Kuɗin bai kai ba. Aka auna masa mudu biyu, ya ce a zuba masa gyara, ya saɓa ya tafi. Ko inuwarsa ba ta ɓace ba musu ya kaure a rumfar. Wani ya ce lalaci ne, wani ya ce rabonsa ke nan, wani ya ce gwamnati ce. Har aka kira magariba ba a rabu ba. Shi ne na ce bari in kawo muku. Mutumin da ya noma buhu 14, me ya mayar da shi mai awon mudu cikin wata bakwai?

Alhajin Sabon Layi: Wa alaikumus salam. Ni ba na kwana-kwana a magana. Mutuwar zuciya ce da rashin tattali. Da tallan goro a tasha na fara, a ka nake ɗaukar faifai, ba wanda ya ba ni jari. Yau ka zaga majalisun garin nan ƙarfe goma na safe, samari ne majiya ƙarfi sun kewaye butar shayi suna musun ƙwallon Ingila. Ka nemi mai sauke maka kaya ka ga yadda za a yi maka yanga. Shi kuma dattijon naka, ku bincika ina ya kai kuɗin buhu 14. In ba aure ya ƙara da kaka ba, ku ce ba ni ba ne.

Mai Keke na Pantami: Alhaji, da girmanka, amma maganar nan ta yi min zafi. Ina idar da sallar asuba nake buga keke, ba na komawa gida sai bayan isha'i. Kafin 29 ga Mayun 2023 lita ba ta kai naira 200 ba. Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, cikin kwanaki ta haura 500, daga baya har dubu ta wuce. Fasinja kuma albashinsa bai motsa ba, sai ya gwammace ya taka daga Tashar Dukku har Jekadafari. In na cire kuɗin mai, na cire balas ɗin mai keke, na cire na 'yan tikiti, abin da nake shiga gida da shi ko cefanen yini ba ya kaiwa. Wace zuciyar ce tawa ta mutu?

Alhajin Sabon Layi: Ba da kai nake ba ɗana. Kai kana nema.

Mai Keke na Pantami: To ai nan gizo ke saƙar, Alhaji. Ina nema, kuma ni talaka ne.

Ɗan Tudun Hatsi: Alhaji, dattijon bai ƙara aure ba, na tambaya. Buhu 14 ɗin nan, tara ba nasa ba ne tun suna gona. Bada kaka ya ci. Ga wanda bai san ta ba: damina ta faɗi, manomi ba shi da kuɗin taki, ba na maganin feshi, ba na 'yan ƙwadago, rumbu kuma ya yi ƙasa. Sai ya je wurin mai kuɗi. Mai kuɗi ba zai ce ka dawo min da kuɗina ba, cewa zai yi kowace naira kaza buhu ɗaya ce da kaka. Shi ke yanka farashin, kuma yakan yanka shi ƙasa da abin da kowa ya san buhu zai kai, wani lokaci rabi. Manomi ba shi da bakin musu, ciyawa na cin gona, yara na kallonsa. Da kaka tun masara ba ta gama bushewa ba mota ta iso bakin gona. Abin da ya rage masa buhu biyar, ya sayar da biyu a lokacin da kowa ke sayarwa, kasuwa ta cika ta batse, farashi na ƙasa. Uku suka ci shi da iyalinsa har suka ƙare. Yanzu ga shi ya dawo yana sayen masararsa, wataƙila ma ainihin wadda ya noma, a farashin damina. Kuma na rantse bana ma bada kakar zai sake ci, don ba shi da wata ƙofa. Ni da nake riƙe da littafi na ga wannan ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba. Talaka yana sayarwa ranar da kaya ya fi arha, yana saye ranar da ya fi tsada. Mai hali kuwa ajiya kawai yake yi, lokaci na yi masa aiki yana barci.

Almajirin Malam, Bolari: Jama'a mu yi hattara da harshe. Arziki da talauci duk na Allah ne, Shi ke shimfiɗa arziki ga wanda Ya so, Ya ƙuntata ga wanda Ya so. Amma masu cewa "rabonsa ke nan" su naɗe hannu, su ma sun yi kuskure. Manzon Allah (SAW) ya kasance yana neman tsari daga kafirci da talauci a addu'a guda. Ya ce wa mai raƙumi ya ɗaure sannan ya yi tawakkali. Imani da ƙaddara bai hana a tambayi wanda ya yi zalunci ba. Sannan ina tambayar manyan 'yan kasuwa da manyan manoma: ina zakka? Amfanin gonar da ruwan sama ya shayar, in ya kai nisabi, ɗaya bisa goma ne. Wanda aka sha wahalar ban ruwa, rabin haka. Da ana fitar da ita yadda aka ce, a ba mutum abin da zai tsaya da ƙafarsa, ba a tara mutane a ƙofar gida ana miƙa musu dubu ɗaiɗai ana ɗaukar hoto ba, da dattijon nan bai je hannun mai bada kaka ba.

Ɗan Tudun Hatsi: Allah ya saka da alheri Malam. To ita bada kakar fa, meye hukuncinta? Masu yi cewa suke ciniki ne.

Almajirin Malam, Bolari: Akwai cinikin salam a fiƙihu, a biya kuɗi yanzu a karɓi kaya daga baya, da mudu sananne da lokaci sananne, kuma ya halatta. Da shi suke fakewa. Amma ni ban isa in ba da fatawa a nan ba, a kai wa manya. Abin da na sani, matse wanda ya rasa yadda zai yi ba halin Musulmin kirki ba ne, ko da takardar cinikin ta yi kyau.

Ɗan Jami'a: Ku bari in sa lissafi a maganar. A Nuwamban 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar da rahoton talauci mai fuskoki da yawa. Ta ce mutum miliyan 133 ne, kashi 63 cikin ɗari na 'yan Najeriya. Daga cikinsu miliyan 86 suna Arewa. Sakkwato ce kan gaba, kuma Gombe tana cikin biyar ɗin farko tare da Bayelsa da Jigawa da Filato. Ba kuɗin aljihu kaɗai suka duba ba, sun duba makaranta, asibiti, ruwan sha, makewayi, da abin da ake girki da shi. To Alhaji, in lalaci ne, mutum miliyan 133 ne suka haɗa baki suka zama ragwaye? Kuma a lura, wannan lissafin kafin cire tallafin mai ne, kafin a saki naira ta tashi daga wajen 460 a dala ta haura 1,500.

Alhajin Sabon Layi: Ku 'yan boko da lissafi. Wa ya zo gidana ya ƙirga ni?

Goggo Mai Awara: Alhaji ai ba irin gidanka ake zuwa ba, namu ake zuwa.

Baffa Mai Fansho: Na daɗe ina karantawa ban tanka ba. Yara, ku ba ni dama in koma baya kaɗan, don yawancinku kun buɗi ido ne kun tarar da garin a haka. Unguwar da kuke kira Bisije, kun san asalin sunan? BCGA ne, kamfanin Turawan Ingila mai gurzar auduga. Garin nan auduga ce ta tashe shi. Jirgin ƙasa ya iso Gombe a farkon shekarun 1960 a kan hanyarsa ta zuwa Maiduguri, kuma ba don kyan fuskarmu aka jawo layin ba, don kaya ne, auduga da gyaɗa. Ina yaro, da kaka mahaifinmu yakan ɗora buhunan auduga a jaki mu tafi wurin awo. Malamin awo ya zura hannu ya duba, ya ce lamba ɗaya ce ko lamba biyu, a ɗora a sikeli, a ƙirga masa kuɗi nan take. Tun kafin ya shuka ya san akwai mai saye, iri ma ba shi ake yi. Ba na ce zamanin aljanna ba ne. Hukumar ciniki tana danne farashi, malaman awo suna da nasu halin, an cuci manomi a lokacin ma. Amma manomi yana da amfanin sayarwa dabam, yana da na ci dabam. Kuɗin auduga ke yin haraji da sutura da aure, dawa da gero suna rumbu ba mai taɓa su sai tuwo.

A 1986 gwamnatin Babangida ta kawo shirin gyaran tattalin arziki na SAP, aka rushe hukumomin cinikin amfanin gona, har da ta auduga. Aka ce kasuwa ta yi halinta. Masaƙun Kaduna da ke shanye audugar suka dinga rufewa ɗaya bayan ɗaya, atamfar waje ta cika kasuwa. Jirgin ma ya daina zuwa, ku je tashar ku gani da idonku. Da auduga ta faɗi, sai manomi ya koma sayar da abin da zai ci. Dattijon da ɗana na Tudun Hatsi ya ba da labari, da a zamanin mahaifina ne, masararsa ba za ta ga kasuwa ba. Yanzu rumbunsa shi ne bankinsa, shi ne asibitinsa, shi ne kuɗin makarantar 'ya'yansa. Yaya zai kai damina?

Ɗan Jami'a: Baffa Allah ya ƙara lafiya. Wannan ko a aji ba a faɗa mana haka ba.

Manomin Dadin Kowa: Baffa ya gama magana. Ni abin da ke ci min rai, ba rashin arziki ne ya dame mu ba. Ga madatsar Dadin Kowa a kan kogin Gongola tun shekarun 1980, ruwa kamar teku, amma sai da aka haura shekara 30 kafin injin wutarta mai megawat 40 ya fara aiki. Ga siminti a Ashaka, ga kwal a Maiganga, ga man Kolmani a iyakarmu da Bauchi da Buhari ya zo ya ƙaddamar a Nuwamban 2022. Jihar nan tun 1 ga Oktoban 1996 take cin gashin kanta. Ni ina noman rani, shinkafa da kayan miya. Injin ban ruwana fetur yake sha. Ina kallon ruwa da idona, amma kafin ya hau gonata sai na saye shi da lita. Da hatsi ya yi tsada a 2024 aka ce mu ne azzalumai, gwamnati ta buɗe ƙofar shigo da masara da shinkafa ba haraji na kwana 150. Farashi ya sauko, mutanen gari suka ji daɗi, ban ƙi ba. Amma taki bai sauko ba. Sai ka sayar da buhun masara bai saya maka buhun taki ba.

Malama 'yar Kumo: Duk kun yi gaskiya, amma akwai inda kowa ke tsallakewa kamar kashin kare. Shekara 19 ina koyarwa a firamare. Ajina yara sun haura ɗari, a ƙasa suke zaune. Ranar kasuwa rabinsu ba sa zuwa, da damina kuwa maza suna gona, mata suna talla. Yarinya mai kai kamar me, tana aji biyar za a cire ta. Uban yana da 'ya'ya 16 da gona ɗaya da ya gada, wadda shi ma rabo ne tsakaninsa da 'yan'uwansa bakwai. Gonar ba ta haihuwa, mu muna haihuwa. In ta kai ga jikoki kowa zai samu abin da bai fi shimfiɗar tabarma ba. Mu daina ɗora wa gwamnati komai. Wanda ba ya iya ciyar da mace ɗaya ya ƙaro ta biyu, ya tura yara birni da roba a hannu, wannan Abuja ce ta sa shi?

Almajirin Malam, Bolari: Malama, a yi sannu. Allah Ya ce kada ku kashe 'ya'yanku don tsoron talauci, Mu ke arzuta su da ku. Kowane ɗa da arzikinsa yake zuwa.

Malama 'yar Kumo: Malam ban ce a kashe kowa ba, Allah ya kiyaye. Cewa na yi ciyarwa da tufatarwa da tarbiyya wajibi ne a kan uba, kuma ku kuka karantar da mu haka. In an zo wa'azin ƙarin aure murya har Tumfure, in an zo na haƙƙin 'ya'ya sai a yi ƙasa-ƙasa.

Almajirin Malam, Bolari: Wannan kam kin faɗi gaskiya, ba zan musa ba.

Ɗan Jami'a: Malama, amma wanne ya riga wanne? Manomin da ba shi da tarakta, ba fansho, ba inshora, 'ya'yansa su ne ma'aikatansa, su ne masu riƙe shi in ya tsufa, kuma ya san ba lalle duka su rayu ba. Makarantar da za ki ce ya bar yaro a ciki, ya ga ɗan maƙwabcinsa ya gama digiri yana tuƙa keke. Ni ina ganin talaucin ne ke haifar da yawan haihuwar kamar yadda ita ma take ƙara shi.

Mai Keke na Pantami: Ɗan maƙwabcin nan ni ne. NCE gare ni.

Goggo Mai Awara: Ni ban yi boko mai zurfi ba, 'yata ce ke rubuta min. Ku maza kuna ta auduga da dala. Ku tambaye mu mata yadda talauci ke shigowa gida, mun san ƙafarsa. Da zazzaɓi yake shigowa. Shekara uku ina adashe har na haɗa jarin waken suya buhu guda, na sayi babban kasko, ina ajiye yara biyu masu kai min makarantu. Sai autana ya kwanta. Aka ce jini ya yi ƙasa, a sayo leda, a sayo allurai, a biya gado. Uban yana Legas yana gadi, waya ba ta shiga. Kwana tara muka yi a wani asibiti. Na sayar da waken, na sayar da tunkiya, na sayar da kaskon da kansa, rabin kuɗin da na saye shi. Yaron ya tashi alhamdu lillahi. Yanzu mudu biyu nake ɗauka bashi da safe, in soya a kaskon maƙwabciya, in biya da yamma. Alhaji, ni ma mutuwar zuciyar ce?

Alhajin Sabon Layi: Subhanallah. A'a Goggo, Allah ya ƙara wa yaro lafiya. Ni ma ai na san ciwo, na yi jinyar mahaifiyata shekara biyu.

Goggo Mai Awara: Allah ya jiƙanta. Amma ka sayar da shago?

Alhajin Sabon Layi: Ban sayar ba.

Hamma Direba: Ku ƙara da rashin zaman lafiya. Ina jigila Gombe zuwa Biu da Damaturu tun kafin rikicin Boko Haram. Na san mutanen da suke da shanu da shaguna a Borno da Yobe, suka shigo garin nan da kayan jikinsu kawai. Wani da nake ɗauko wa kaya mota guda, na gan shi yana tura baro a babbar kasuwa, ya kau da kai don kada mu haɗa ido. Ni ma na kau da nawa.

Alhajin Sabon Layi: To na ji duka. Na yarda akwai wanda ƙaddara ta faɗa wa, akwai wanda aka zalunta. Amma ba zan janye ba gaba ɗaya. Yaran da suka zama 'yan Kalare, suna bin 'yan siyasa da adda saboda dubu biyu, su ma bada kaka suka ci? Na ɗauki yaro a shago, wata uku ya gudu da kuɗin ciniki ya sayi waya. In kun ce komai laifin gwamnati ne da masu kuɗi, kun ba malalaci matashin da zai ɗora kai. Kuma masu bada kakar da kuke zagi, in ba su ba, wa zai ba manomi ko sisi a watan Yuni? Banki? Ku je ku gwada. Bashin manoma na gwamnati, Anchor Borrowers, da aka fara a Kebbi a 2015, da yawa cewa suka yi rabonsu ne na arzikin ƙasa, suka ƙi biya. Mai bada kaka shi ma kasada yake yi, in fari ya zo ko tsutsa ta ci gona kuɗinsa ya nutse.

Ɗan Tudun Hatsi: Alhaji, a nan ɗin na fi ka kusa da littafi. In fari ya zo kuɗinsa ba ya nutsewa, ana juya bashin ne zuwa baɗi, buhu biyu su zama uku. In ya sake gazawa a karɓi gonar jingina. Akwai wanda na sani yanzu ƙwadago yake yi a gonar da ubansa ya bar masa. Amma gaskiyarka a abu ɗaya: ba wanda ke zuwa wurin manomi a watan Yuni sai su.

Baffa Mai Fansho: Albashi mafi ƙanƙanta ma da aka mayar 70,000 a 2024, manomi da mai awara ba su cikin lissafin. Mu 'yan fansho kuwa a bar maganar, kada hawan jinina ya tashi.

Alhajin Sabon Layi: Kai yaron Tudun Hatsi, dattijon nan in ya sake zuwa ka haɗa ni da shi. Ina da taki a sito, zan ba shi buhu uku ya yi noman bana.

Malama 'yar Kumo: Ma sha Allah. Allah ya saka, Alhaji.

Mai Keke na Pantami: Alhaji, tambaya ɗaya don Allah. Da kaka kuɗin takin zai dawo maka da shi, ko buhunan masara?

Alhajin Sabon Layi: Kai dai ka cika tsurku. Ya zo tukuna, sai mun zauna.

Ɗan Tudun Hatsi: Mudu biyu ya saya, gidan kuma mutum goma sha ɗaya ne. Ba zai wuce jibi bai dawo ba. Zan kira ka.